KUƊIN DA AKE AIKAWA BAGAMA, INA YAKE KWANA?

Duk ƙarshen wata, dubban 'yan Arewa mazauna Kudu, tun daga Agege da Idi-Araba da Mile 12 a Ikko, zuwa Sabo da Sasa a Badun, har Shagamu da Anaca da Fatakwal, sukan ware wani abu daga cikin guminsu su aika gida. A da sai an jira direba ko wani ɗan'uwa mai tafiya a damƙa masa, yanzu kuwa ta wayar hannu ake turawa, kafin mutum ya gama alwala saƙo ya isa. Magidancin da iyalinsa ke zaune a unguwar Bagama, cikin garin Suleja a Jihar Neja, hankalinsa yakan kwanta da zarar uwargida ta ce kuɗi ya shigo. Abin da bai cika tambayar kansa ba shi ne inda kuɗin nan yake kwana bayan mako biyu.

Amsar kuwa tana kusa da shi ƙwarai. Kaso mai tsoka na kuɗin yakan juyo ya komo Kudu, wani lokaci ma ya sauka a bayan katangar masaƙar da mai aikowar yake gadi ko yake shayi a bakin ƙofarta. Dunƙulen magin da aka jefa a miyar Bagama a Agbara ko Shagamu aka yi shi, cikin Jihar Ogun. Madarar ledar da aka zuba wa yara a shayi daga Isolo ko Ikeja ta fito. Taliyar Indomie kuwa a Ota aka fara yin ta a ƙasar nan, kafin a buɗe mata wasu masana'antu a Fatakwal da Kaduna. Manyan motoci su kwaso kaya su bi ta Lakwaja da Abaji da Zuba, ko ta Ilori da Makwa da Bida, su sauke a Suleja, kuɗi kuma ya bi sawunsu ya koma. Babu laifi a ciniki, Allah ya halatta shi. Amma ya kamata a tsaya a tambaya: yaya aka yi gidan da shekaru hamsin da suka wuce bai san waɗannan kaya ba, yau ba ya iya ɗora tukunya sai da su?

A fara da miya, domin a can abin ya fi fitowa fili. Kafin dunƙule, daddawa ce sarauniyar tukunya. Aikinta ba na raggo ba ne. A tsinko ɗorawa a ɓare, a cire garin nan mai zaƙi, a wanke kalwa a dafa ta tsawon yini ko dare, a surfe a wanke, a sake dafawa, a rufe a ɗaki kwana biyu ko uku har ta ruɓa yadda ake so, sannan a kirɓa a dunƙule a shanya. Kowane mataki hannun mace ne, kowane kwabo kuma da aka biya a unguwa ko ƙauyen da ke kusa yake tsayawa. Ɓawon ɗorawar ma ba a yar da shi, da shi ake makubar daɓe da shafen soro. Yarbawa suna da tasu, ita ce iru, wadda mai karatu yake gani kullum a kasuwannin Kudu.

Shi kuwa Maggi sunan wani Bature ne mutumin Suwizalan, Julius Maggi, wanda kamfanin Nestlé ya mallaki sana'arsa a 1947. Nestlé ya fara ciniki a Nijeriya a 1961, ya kafa masana'anta a Agbara a farkon shekarun 1980, ya ƙara wata a Shagamu a 2011. Kamfanin da bakinsa ya sha faɗin cewa a kowace rana ana sayar da dunƙule sama da miliyan 100 a ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Ba da sanda aka kai ga wannan adadi ba, kuma ba a kwana ɗaya ba. An yi shekaru ana dafa abinci a gaban mata a tsakiyar kasuwa ana ba su suna ɗanɗanawa kyauta, ana shirye-shiryen girki a talabijin, ana talla da harshen Hausa a rediyo, musamman da azumi, lokacin da kowace mace take son a yaba hannunta wajen buɗa-baki. Saƙon tallar kuwa ɗaya ne ko da an sauya masa riga: macen kirki, wadda miji ke ɗokin komowa gida saboda ita, ita ce mai jefa dunƙule. Sannu a hankali warin daddawa ya zama abin kunya a wurin amare, har wata ta gwammace a ce ba ta iya tuwo ba da a ji ƙanshinta a ɗakinta.

Abin dariya a nan shi ne kamfanonin sun fi kowa sanin darajar daddawa. Dunƙulen da ake sayarwa a Nijeriya da ruɓaɓɓen waken suya a cikinsa, don ya kusanci ɗanɗanon da harshen mutanen ƙasar ya saba da shi, kuma akwai lokacin da kamfanin Cadbury ya fito da wani dunƙule da ya sa wa suna Dadawa ƙiri-ƙiri. Watau an karɓe ɗanɗanon daga hannun tsohuwar ƙauye, an naɗe shi a takarda mai ƙyalli, an dawo an sayar wa jikarta.

Sabo turken wawa, in ji Hausawa. Alamar cewa sabo ya kafu ita ce sunan kamfani ya cinye sunan abu. Yau ko Knorr ne ko Royco ko Onga, yaro magi zai ce an aike shi ya sayo, Ajinomoto kuma farin magi. Kowane garin sabulu omo ne, kowane man goge baki makilin ne, kowane ganyen shayi lifton ne. Kamfanin da ya shiga harshen mutane irin haka ya riga ya gama rabin tallarsa, domin jama'a ne ke yi masa sauran a kyauta.

Akwai kuma maganar lafiya, wadda ba a cika ji a talla ba. Dunƙule ɗaya nauyinsa kimanin giram 4 ne, kusan rabinsa kuwa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini. A ɗauka gida yana jefa dunƙule 6 a rana, tsakanin miyar rana da ta dare, wanda ba abin mamaki ba ne a gida mai yawa. A wata 180 ke nan, a shekara 2,190, ban da gishirin da ake barbaɗawa daban, ban da farin magi, ban da ɗan ƙullin da ke cikin ledar taliya. Duk wanda ya taɓa raka tsohonsa asibiti a kan hawan jini ya san abin da likita yake fara hanawa.

Dabara ta biyu ta fi talla ƙarfi, ita ce ƙaramin ƙulli. Har zuwa farkon shekarun 1990 madarar gari a gwangwani take zuwa, sai mai albashi. A 1993 kamfanin da ake kira Promasidor a yau ya shigo da Cowbell a 'yar ƙaramar leda wadda leburan da aka biya da yamma zai iya saya da canjin aljihunsa. Don ta yi araha ta kuma jure zafi, an cire kitsen nonon saniya an sa na tsirrai a madadinsa, abin da yawancin masu sha ba su taɓa karantawa a jikin ledar ba. Cinikin ya yi kyau har Peak, wadda ke ƙasar nan tun 1954, ta ga babu makawa ita ma ta shiga leda. Daga nan sai komai ya bi: omo, man gyaɗa, tumatir, Milo, makilin, har ruwan sha.

Ba za a musa ba, ƙaramin ƙulli ya kai wa talaka abin da a da sai dai ya hanga. Amma fa yana da wata siffa da ta sa kamfani ke ƙaunarsa: ba ya bari mutum ya ji zafin kashe kuɗi. Wanda zai yi dogon tunani kafin ya sayi gwangwani ɗaya, ba ya tunani ko kaɗan wajen aiken yaro sau huɗu a yini wurin mai tebur. Galibi kuma idan aka tara ledojin wata guda aka auna abin da ke ciki, sai a tarar an biya fiye da wanda ya saya a dunƙule. Talaka ke nan yake sayen abu da tsada fiye da mai kuɗi, yana kuma godiya. Bugu da ƙari, tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, darajar naira ta faɗi, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, sai wata hanyar ta ƙara yawa: a bar leda da girmanta da launinta, a rage abin da ke ciki. Uwargida a Bagama tana ganin madarar da ke isar yara biyu ta daina isa, sai ta ɗauka yaran ne suka ƙara ci.

Dabara ta uku ita ce a bi ta kan yara. Indomie 'yar ƙasar Indunusiya ce, ta fara shigowa Nijeriya a 1988, a lokacin da mutane ke kallonta suna cewa tsutsa ce. Masu ita ba su ɓata lokaci wajen shawo kan dattawa ba. Makarantun firamare suka nufa, da ɗanɗano kyauta da gasa da kyaututtuka da ƙungiyar yara masoya taliyar da hotunan jarumai na zane a jikin kwali. Yaran da aka ba kyauta a wancan lokaci su ne iyaye a yau. Ɗan-wake da fate da dambu da kunun tsamiya suna nan, sun fi riƙe ciki, sau da yawa sun fi araha, amma babu mai yi musu waƙa a talabijin, yaro kuwa abin da ya gani yake yi wa kuka.

A nan ne maganar ta zo kan mai karatu kansa, kuma gara a faɗe ta ba tare da kwana-kwana ba. Wane ne ya kai Indomie kowane lungu na Ikko da tsakar dare? Mai shayi ne. Wane ne yake ɓare kwali yana sayar da magi ɗaya-ɗaya, madara ɗaya-ɗaya, taba kara-kara a ƙofar kowane gida daga Surulere zuwa Festac? Mai tebur ne. Mafi yawansu kuwa 'yan Arewa ne da 'yan'uwansu na Nijar. Babu kamfanin da zai iya biyan albashin ma'aikatan da za su yi masa wannan aiki, ga shi ana yi masa a kan ribar da ba ta taka kara ta karya ba. Akan ba dila kaya bashi a ɗora masa adadin da zai sayar a wata, shi kuma ya matsa wa na ƙasa da shi. Akan ba mai kanti laima ko a shafe masa bango da fentin kamfani, ko a ajiye masa firiji bisa sharaɗin kada lemon wani kamfani ya shiga ciki. Mai kanti yana ganin kyauta aka yi masa, alhali kuwa bangonsa da ƙofarsa aka haya ba tare da an biya shi kuɗin haya ba.

Inda abin ya taɓa zama na rai da mutuwa shi ne abincin jarirai. A shekarun 1960 da 1970 kamfanonin madarar jarirai sun cika asibitocin haihuwa na Afirka da Asiya da gwangwanayen kyauta, wasu har da mata masu talla sanye da tufafi irin na ma'aikatan jinya. Uwa ta fara ba jariri na kyauta, nononta ya janye, na kyauta ya ƙare, sai saye. Kuɗi ya gaza, sai ta tsinka madarar da ruwa mai yawa, ruwan ma ba tafasasshe ba, sai gudawa da rama. A 1977 aka fara ƙaurace wa kayan Nestlé a Amurka a kan wannan, abin ya bazu zuwa Turai, har a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idar da ta hana tallar irin wannan madara ga jama'a da raba ta kyauta ga masu jego. Nijeriya ta yi tata dokar a 1990, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake Ministan Lafiya. Duk da haka maganar ba ta mutu ba. A watan Afrilu 2024 wata ƙungiya ta Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da binciken da ya nuna ana ƙara sukari a Cerelac ɗin da ake sayarwa a ƙasashe matalauta, har da Nijeriya, alhali irinsa da ake sayarwa a Jamus da Ingila babu ƙarin sukari. Kamfanin ya amsa cewa yana bin dokokin kowace ƙasa kuma yana rage sukarin. To, ko da hakan ne, uban da ya sayi gwangwani a Ikko ya aika gida don a san yana ji da ɗansa, ya cancanci ya san abin da ya aika.

Adalci ne a faɗi ɗaya gefen. Waɗannan kamfanoni suna ɗaukar dubban ma'aikata, suna biyan haraji, suna sayen masara da dawa da waken suya daga manoman Arewa, kuma akan ƙara wa dunƙule sinadarin aidin da na ƙarin jini, waɗanda mata da yara da yawa ke ƙarancinsu. Macen da ke fita aiki Abuja tun asuba daga Suleja, ta kwashe awa biyu a cunkoson Madalla da Zuba kafin ta komo, ba za a ce mata ta zauna dafa kalwa ba. Ba a kuma cewa a koma zamanin da ya wuce. Garin da ya ba Babban Birnin Tarayya sunansa da wani yanki na ƙasarsa bayan dokar 1976, ya koma amsa sunan Sarki Sulaimanu Barau, ya fi kowa sanin cewa zamani ba ya komawa baya. Abin da ake cewa shi ne kamfani yana da ma'aikata waɗanda ba su da wani aiki sai nazarin aljihun talaka da zuciyarsa, shi kuwa talaka ko takardar lissafi ba ya ajiyewa.

Saboda haka matakin farko lissafi ne. Mai aika kuɗi gida ya roƙi uwargida, cikin girmamawa ba da tuhuma ba, ta tara kowace leda da kowace takardar dunƙule da aka ɓare a gida na wata ɗaya a cikin kwano. Ranar da aka zazzage kwanon aka ƙirga, gardama ta ƙare. Daga nan sai a duba abin da ya fi sauƙi a saya a dunƙule, abin da za a rage, da abin da daddawa da citta da kanumfari da busasshen kifi za su iya tsayawa a madadinsa ko da rabi ne. A riƙa kuma duba nauyin da aka rubuta a jikin leda, ba girmanta ba, tare da lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa. Yaron da ke aji huɗu zai iya karanta wa gida wannan.

Mutum ɗaya ba ya girgiza kamfani, amma taro yana yi. A watan Janairu 1948 wani basarake a Akra, Nii Kwabena Bonne na Uku, ya jagoranci mutanen ƙasar da ake kira Gana a yau suka daina sayen kayan kantunan Turawa saboda tsada, kuma cikin wata guda sai da kamfanonin suka zauna aka yi yarjejeniyar rage farashi. Ba a bukatar abin ya kai haka kullum. Matan Bagama sun riga sun san adashi. Gida goma da suka haɗa kuɗi suka sayi katan ko buhu daga hannun dila a babbar kasuwar Suleja suka raba, sun ƙwace ribar hannu biyu ko uku da ke tsakani. Haka nan masu shayi da masu tebur na unguwa guda a Ikko ko Badun, in sun yi magana da murya ɗaya ta bakin shugabanninsu da Sarakunan Hausawa na wuraren, dila ba zai ɗora musu sharaɗin da ya ga dama ba, kuma mai fentin bango zai fara biyan haya.

Akwai kuma doka, wadda jama'a ba su cika amfani da ita ba. Hukumar FCCPC, mai kula da gasa tsakanin kamfanoni da kare hakkin mai saye, an kafa ta ne da dokar 2018, kuma ta nuna tana da haƙora. A watan Disamba 2023 ta bayyana tarar dala miliyan 110 a kan kamfanin taba na British American Tobacco. A watan Fabrairu 2024 ta rufe kantin Sahad na Garki a Abuja na ɗan lokaci, bisa zargin cewa farashin da ke jikin kaya daban, wanda ake karɓa a wurin biya daban. Ofishinta yana Abuja, tafiyar da ɗan Suleja ke yi kowace safiya, kuma tana karɓar ƙara ta waya da intanet. Sai dai doka takobi ce mai kaifi biyu: dokar taba ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Mai teburin da ke son hukuma ta kare shi daga dila, shi ma ya daina miƙa wa ɗan makaranta kara.

Saura maganar ɗorawa. Ba za a ce wa mata su koma ga daddawa ba alhali itacen da ke ba da kalwa yana ƙarewa. Duk wanda ya bi hanyar Suleja zuwa Minna ko zuwa Kaduna ya ga buhunan gawayi jere a bakin titi, ɗorawa da kaɗanya kuwa ba su tsira daga gatari ba, ko da yake a al'ada ba a sare su a gona. Ƙaramar Hukumar Suleja da Masarauta da masu unguwanni suna da ikon tsawatawa a kan haka, kuma Ma'aikatar Gona ta Jihar Neja tana iya raba dashe kamar yadda ake raba na mangwaro da kashu. Masu yin daddawa su ma suna bukatar a taimaka musu da injin surfe da tsabtataccen wurin shanya da ƙullin da amarya ba za ta ji kunyar ajiyewa a kicin ba. Ɗorawa takan yi shekaru kafin ta fara 'ya'ya, don haka ɗan ci-ranin da ke da 'yar gona a bayan gari, idan zai aika kuɗin taki a daminar bana, ya ƙara da na dashe biyar, ya kuma ce a kewaye su da ƙaya saboda awaki.